Roma ko Lisbon: ina ɗalibi da abokinsa za su kai kuɗin hutunsu?

Da zarar jarabawar ƙarshen zango ta wuce, ɗalibanmu da ke karatu a Turai sukan fara lissafin inda za su je shan iska na 'yan kwanaki, kuma sunaye biyu ba sa fita daga wannan lissafi: Roma, babban birnin Italiya, da Lisbon ta Fotugal. Na taka su duka daga Hungari inda nake karatu, ni da abokina, da kuɗin da muka matse daga alawus. Saboda haka maganata ta irinmu ce: mutum biyu, kwana uku zuwa biyar, aljihu ba nauyi, ana so a ga gari a kuma ci abincin garin, ba alade ba giya, ba a kuma so Juma'a ta wuce mutum yana yawo. Ra'ayina shi ne, in wannan ce fitarku ta farko, ku je Lisbon. Amma akwai waɗanda wannan shawara ba tasu ba ce, kuma za su gane kansu a hanya.

Maganar takardu gajeriya ce, domin nan biranen ba su da bambanci. Italiya da Fotugal duk suna cikin yankin Shengen, don haka mai katin zama na Hungari, Jamus, Poland ko Faransa zai shiga kowacce ba biza, muddin bai wuce kwana 90 cikin 180 ba. Fasfo da katin zama su tafi tare, ɗaya ba ya tsaya wa ɗaya. Wanda ke Ingila ko Turkiyya kuwa sai ya nemi biza, wadda kuɗinta ya koma Yuro 90 tun watan Yunin 2024, kuma ya fara neman ranar ganawa da wuri.

A jirgi bambanci yake farawa. Daga Budapest zuwa Roma ba a kai awa biyu a sama. Lisbon tana can ƙarshen yamma, bakin Tekun Atlantika, tafiyar kusan awa huɗu, kuma tikitinta yakan fi tsada ga mai tasowa daga tsakiyar Turai. Sai dai da an sauka takan fara rage maka zafin: filin jirginta a cikin gari yake, jan layin metro yana ƙofarsa, da abin da bai kai Yuro uku ba ka isa tsakiyar birni. Fiumicino, babban filin jirgin Roma, yana da nisan kusan kilomita 30. Jirgin ƙasa mai suna Leonardo Express yana kai mutum tashar Termini cikin minti 32 a kan Yuro 14, wato ku biyu zuwa da dawowa Yuro 56 sun tafi ba ku ga komai ba. Bas ya fi sauƙin kuɗi, in kun yarda da cunkoso.

In abin kallo zalla ake magana, Roma ba ta da abokin karawa, kuma rashin adalci ne a ce wani abu daban. Ka fito daga tashar metro ta Colosseo, kana hawa matakala, ka ɗaga kai sai ga ginin Colosseum, tsohon filin wasan Rumawa, ya tare maka rabin sama. Sarki Vespasian ne ya fara shi, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80 miladiyya, kuma yana ɗaukar mutum kimanin 50,000. Matso kusa da bangon za ka ga ramuka birjik a jikin duwatsun. Gurbin ƙarafan da suka riƙe ginin ne, waɗanda mutanen baya suka ƙwaƙule suka narkar. Tikitin Yuro 18 ne, ya haɗa da Forum, kufan dandalin tsohuwar Roma, da tudun Palatino, da sunanka a jiki, kuma a lokacin cikar baƙi yakan ƙare kwanaki kafin ranar, don haka a intanet ake saye tun kafin a taso. Rangwamen matasa da za ku gani a rubuce na 'yan ƙasashen Tarayyar Turai ne, kada ku sa shi a lissafi. Lahadin farko ta kowane wata ana shiga kyauta, amma layin zai cinye muku safiya. A cikin Forum ɗin ku tsaya gaban babbar ƙofar da aka gina wa Sarki Septimius Severus a shekara ta 203. Haifaffen Leptis Magna ne, a ƙasar da ake kira Libiya yau, ɗan Afirka da ya mulki Rumawa.

Daga nan da ƙafa, cikin rabin awa kun isa Pantheon, tsohon ɗakin bautar Rumawa, wanda a wurina ya fi Colosseum shiga rai. Ƙubba ce mai faɗin mita 43, ta kankare ba rodi ko ɗaya, tana tsaye kusan shekara 1,900, da buɗaɗɗiyar ƙofa a tsakiyarta wadda hasken rana ke shigowa ta ciki yana zagaya bango. In ana ruwa, ruwan yana sauka har tsakar ɗakin ya bi ta 'yan ramukan da aka huda a daɓe. Tun Yulin 2023 ake biyan kuɗin shiga, an fara da Yuro 5. Maɓuɓɓugar Trevi, wadda aka gama a 1762, da dandalin Navona duk suna nan kusa, tafiyar minti goma ko ƙasa da haka.

Akwai gini ɗaya a Roma da nake so kowane Bahaushe ya san labarinsa kafin ya wuce ta gabansa, wato ganuwar Castel Sant'Angelo da ke bakin kogin Tiber, a kan hanyar Vatican. A nan aka tsare wani malami kuma ɗan aike na Fas mai suna Hasan al-Wazzan, bayan 'yan fashin teku sun kama shi a 1518 suka miƙa shi ga Fafaroma Leo na goma. Shi ne Turawa suka sani da Leo Africanus. A Roma ya kammala littafinsa na bayanin Afirka a 1526, kuma a ciki ya yi maganar Kano, Katsina, Zazzau, Zamfara, Gobir, Agadas da Borno. Shekaru aru-aru, yawancin abin da Turawa suka sani game da ƙasar Hausa daga wannan rubutu suka samo shi. Lisbon ba ta da wurin da ya taɓa mu kai tsaye haka.

To amma ga abin da ya kamata ku tattauna tsakaninku tun kafin sayen tikiti. Rabin abin da ake zuwa gani a Roma a cikin majami'u yake, kuma gari ne na gumaka da zane-zanen mutane, da yawansu tsirara. Majami'ar Saint Peter kyauta ake shiga bayan layin bincike, da sharaɗin a rufe kafaɗa da gwiwa, wanda ba zai dame mu ba. Gidajen tarihin Vatican, inda rufin da Michelangelo ya zana tsakanin 1508 da 1512 yake, sun fi Colosseum tsada kuma suna cin rabin yini. Abokina yana daga cikin waɗanda ransu bai kwanta da shiga coci ba, ko don kallo. "Mutumina, shiga ka fito, ina nan waje," haka yake ce mini, kuma ban ga laifinsa ba. Amma mutum ɗaya a ciki yana sauri don kada ya bar ɗan'uwansa a rana, ɗaya a waje yana duba agogo, wannan ba shi ne dalilin tafiya tare ba. In ɗayanku haka yake, Roma ta ragu sosai a hannunku.

Lisbon ba ta da gini ɗaya da zai tsaya kusa da waɗannan. Girgizar ƙasar ranar 1 ga Nuwamban 1755, da ambaliyar teku da gobarar da suka biyo ta, sun rushe yawancin tsohon birnin. Tsakiyar garin da ake kira Baixa, mai miƙaƙƙun tituna, gini ne na bayan wannan masifa, ƙarƙashin jagorancin Marquês de Pombal, babban ministan sarki na lokacin. Abin da Lisbon take da shi shi ne garin kansa: tuddai, jajayen rufi suna gangarawa zuwa kogin Tejo mai faɗin da za ka ɗauka teku ne, gidaje sanye da tayil mai shuɗi da fari tun daga ƙasa har sama, da wuraren hange da suke kira miradouro, waɗanda ba a biyan ko sisi. Na Senhora do Monte ya fi kowanne tsayi a wannan ɓangare. Na Santa Luzia da Portas do Sol suna kallon unguwar Alfama. Wannan kallo ne da mutum biyu za su yi a zaune kafaɗa da kafaɗa suna hira, ba tikiti ba layi.

Musulmi sun mulki garin tun ƙarni na takwas har 1147, lokacin da Sarki Afonso Henriques ya ci shi da taimakon mayaƙan Salibiyya. Ganuwar São Jorge da ke saman tudu, wadda ke da rangwamen matasa, da karkatattun lungunan Alfama da girgizar ƙasa ba ta share ba, duk suna ɗauke da tsarin wancan zamani. Musulmin da suka rage an tattara su a bayan ganuwa, a unguwar da har yau ake kira Mouraria, kafin dokar Sarki Manuel ta 1496 ta kori Musulmi da Yahudawa baki ɗaya. Yau in ka bi titin Benformoso a cikin wannan Mourariyar, sallama kake ji ta ko'ina, ga mahauta na halal, ga mutanen Bangaladash da Gini Bisau suna fitowa daga ƙananan masallatai.

Belém, a yammacin gari, can ne Fotugal take baje kolin alfaharinta. Daga nan Vasco da Gama ya tashi a 1497 ya zagaya Afirka zuwa Indiya, kuma kabarinsa yana cikin majami'ar Jerónimos. A bakin ruwa akwai katafaren dutsen tunawa da matuƙan jiragen, wanda aka gina a 1960 zamanin mulkin kama-karya na Salazar. Ku kalle shi, ku kuma tuna abin da bai faɗa ba. Waɗannan jiragen ne suka kafa ganuwar Elmina a Gana ta yau a 1482, su suka bar wa Legas sunanta, kuma su suka yi ta kwaso bayi, har a tsakiyar ƙarni na 16 kusan mutum ɗaya cikin goma a Lisbon bawa ne. Kusa da dandalin Rossio akwai wani fili, Largo de São Domingos, da ya daɗe yana zama matattarar 'yan Afirka. Da yamma za ka tarar da dattawan Gini Bisau da hulunansu suna hira, wasu mata suna sayar da goro da gyaɗa. Na ji daɗin tsayawa a wurin fiye da yadda na ji a Belém. Kuma tun da an zo nan, gaskiya ita ce a Lisbon ban ji ido a kaina ba. Mutanen Angola, Kep Bad, Mozambik da Gini Bisau sun cika metro da shaguna da ofisoshi. Ban ce babu wariya ba, amma baƙar fata ba abin juyowa a kalla ba ne. A tsakiyar Roma, inda yawancin baƙaƙen da baƙi ke gani masu tallar zobe da abin hannu ne, wani lokaci sai an ɗan dube ka kafin a gane kai ma kallo ka zo.

Wani abin da ke ƙara wa Lisbon nauyi shi ne kewayenta. Jirgin ƙasa daga Rossio yana kai mutum Sintra mai fadoji a kan duwatsu cikin kusan minti 40. Wani daga Cais do Sodré yana bin bakin ruwa har Cascais. Daga wannan tashar kuma jirgin fito yana haye kogi zuwa Cacilhas cikin minti goma, a kuɗin bas.

Yanzu abinci, wanda shi ne ya yanke mini hukunci. Kowa ya san sunan abincin Italiya, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Matsalar ita ce abincin Roma kanta a kan alade aka gina shi. Taliya huɗu garin ya shahara da su: carbonara, amatriciana, gricia da cacio e pepe. Ukun farko duk da guanciale ake yinsu, wato kumatun alade da aka busar da gishiri, kuma ba ado ne da za a tsame ba, a cikin kitsensa ake haɗa miyar. Ka ce a yi maka carbonara ba shi, ko dai mai dafawa ya ƙi, ko ya kawo maka taliya da ƙwai. Saura ɗaya, cacio e pepe, cukun tumaki da masoro kawai. In aka dace da gwani, cukun yana narkewa ya lulluɓe kowane sili, masoron yana kama maƙogwaro a hankali. Abinci ne na gaske, na kuma so shi. Amma mutum ba zai yi kwana huɗu a kansa ba. Saltimbocca yana da naman alade da giya. Porchetta alade ne gaba ɗaya. Supplì, dunƙulen shinkafar da ake soyawa, sau da yawa da miyar nama ake haɗa shi. Har wasu burodi da kayan karin kumallo ana sa musu strutto, man alade. Kalmomin da za ku haddace ke nan: guanciale, pancetta, prosciutto, lardo, strutto.

Ba wai za ku kwana da yunwa ba. Pizza al taglio, wadda ake yanka wa mutum da almakashi a auna a sikeli, ita ce abokiyar ɗalibi: ka nuna mai dankali da ganye ko mai tumatir da cuku, ka nuna girman da hannu, ka ci a tsaye. A tsohuwar unguwar Yahudawa, kusa da kogi, gidajen abincin da ke bin ƙa'idar addininsu ba sa taɓa alade, kuma can ake soya carciofi, wani ganye mai kama da furen da bai gama buɗewa ba, har ya yi ƙaras-ƙaras. Sai dai wurin ba arha. Kasuwar Esquilino kusa da Termini tana da mahauta na halal da kayan miyar Afirka da Asiya. Askirim ɗin Roma, gelato, ya cancanci duk yabon da ake masa, a dai kula da masu giya a ciki, haka ma tiramisu. Kofi a tsaye gaban kanta ya fi na zaune arha nesa ba kusa ba. Ruwan sha kuwa kyauta ne a famfunan ƙarfe da suke kira nasoni, sama da dubu biyu a faɗin gari, suna zuba dare da rana tun shekarun 1870, sanyi ƙalau. Gora ɗaya ta ishe ku. Duk da haka, cin abinci a Roma tambaya ce bayan tambaya, kuma ƙarshenta da yawa daga cikinmu a shagon kebab suke ƙarewa, irin wanda suka baro a garin da suke karatu.

Fotugal ma ƙasar alade ce, kada a ruɗe ku. Bifana alade ne a burodi. Miyar caldo verde ana jefa mata yankan chouriço, shinkafar agwagwa ma haka. Akwai wani abincin da ake haɗa alade da kayan teku a kwano ɗaya. Ginjinha da ake sayarwa a ƙananan kofuna a Rossio giya ce. Bambancin shi ne a Lisbon babban abincin garin, wanda mutanen garin da kansu suke alfahari da shi, kifi ne, kuma ana gasa shi a gabanka da gishiri da man zaitun, ba abin da ya ɓuya. Shiga kowace ƙaramar tasca da rana, gidan abincin unguwa mai tebur shida ko bakwai da takarda a shimfiɗe a kai, ka duba allon prato do dia, abincin ranar. Za a kawo maka kifi sukutum, dourada ko robalo, fatarsa ta ƙone kaɗan da gawayi, da dafaffen dankali da ganye, a farashin da a tsakiyar Roma taliya kawai zai saya. Bacalhau, kifin da ake busarwa da gishiri, yawancinsa daga Norway, suna sarrafa shi hanyoyi barkatai. À Brás shi ne wanda ake yayyaga kifin a haɗa da siraran soyayyen dankali da albasa da ƙwai, a ɗora zaitun. Mu da muka taso a mazhabar Malikiyya, wadda ta halatta dukkan abin da ke cikin teku, ƙofar ta fi buɗe mana ma. In abokin tafiyarka Baturke ne ko ɗan Pakistan mai bin Hanafiyya, shi a kifi zai tsaya. Abin tambaya ɗaya ne, ko an sa vinho, giya, a romon, musamman a abincin ƙumba da jatan lande. Kuma yawancin masu kawo abinci a Lisbon suna jin Turanci fiye da na Roma, tambayar ba ta zama dambe.

In kuka yi marmarin nama, titin Benformoso da dandalin Martim Moniz suna cike da biryani da gasasshiyar kaza ta halal, a tsakiyar gari, ba sai an shiga mota ba. Ga kuma abin da Roma ba ta da shi a sarari haka: abincin Afirka ya zama na gari. Caldo de mancarra na Gini Bisau miyar gyaɗa ce da shinkafa, muamba ta Angola kaza ce da manja da kuɓewa. A gidan Musulmin Gini za ka ci hankali kwance. Cachupa ta Kep Bad kuwa galibi da alade ce. Ranar da aka ajiye mana miyar gyaɗar nan, abokina bai ce uffan ba sai da ya ga ƙasan kwano, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, gobe ma nan."

Sai pastel de nata, ɗan kek mai ɓawo sirara-sirara da gwaiduwar ƙwai a tsakiya, samansa a ɗan ƙone. Gidan da ke Belém yana yinsa tun 1837. Layin da kuke gani a waje na masu saye su tafi ne. Ku shiga ciki, ɗakunan suna da yawa, ku ci da zafinsa da garin kirfa. Abu ɗaya da ke kama baƙo a Fotugal: burodi, zaitun da cukun da ake ajiyewa kan tebur ba ka nema ba, ba kyauta ba ne. Abin da ka taɓa za a rubuta, abin da ka mayar ba za a rubuta ba. Kasuwar Time Out da aka buɗe a 2014 tana da kyan gani, amma farashinta na 'yan yawon buɗe ido ne, ba na ɗalibi ba.

Wajen salla, kowanne da abin da ya fi. Babban masallacin Roma, wanda aka buɗe a 1995 da kuɗin da Saudiyya ta fi kowa zubawa tun daga alkawarin Sarki Faisal, yana cikin mafi girma a Turai, kuma ginshiƙansa masu rassa kamar itatuwa, aikin Paolo Portoghesi da abokan aikinsa, abin a je a gani ne ko ba Juma'a ba. Sai dai yana gefen gari ta arewa. Ana hawa ƙaramin jirgin ƙasa daga Flaminio a sauka a Campi Sportivi. Ranar Juma'a akan kafa rumfunan abinci a ƙofarsa. Babban masallacin Lisbon, na 1985, bai kai shi girma ko kyau ba, amma yana kusa da tashar metro ta Praça de Espanha, ga kuma ƙananan masallatan Mouraria a tsakiyar inda kuke yawo. Don sallolin yini, Lisbon ta fi sauƙi ƙwarai. Ko ina kuka je, ku riƙe ƙaramar gora a madadin buta, domin hostel ba ya tanadar wannan.

Dukansu garuruwan ƙafa ne, kuma kowanne da irin gajiyarsa. Tsakiyar Roma kusan shimfiɗe take amma wurare da nisa, metro ba ya shiga tsohon gari sosai, bas ba ya cika alkawari. Lisbon ƙarama ce amma hawa da gangara ne tun safe har dare, kuma fararen duwatsun da aka jera a gefen titi suna santsi in an yi ruwa. Mai ciwon gwiwa ko mai nauyin jiki zai fi shan wuya a Lisbon, wannan a faɗa wa juna gaskiya. Tiram mai lamba 28, ɗan rawaya da ke cikin kowane hoto, yana hawa tuddan, amma a cike yake kuma 'yan sane sun san shi, kamar yadda suka san bas 64 da ke zuwa Vatican daga Termini. Fasfo da katin zama a aljihun ciki, ba a jakar baya ba. Ɓatan katin zama ya fi ɓatan waya ciwo. A Roma kuma tun 2019 an hana zama a kan shahararriyar matakalar dandalin Spagna, da tara mai nauyi.

Kuɗin kwana ya tashi a biranen biyu, kuma kowanne yana karɓar harajin baƙi a kan kowane dare, na Lisbon Yuro 4 tun Satumban 2024. Inda lissafi yake rabuwa shi ne kuɗin yini. A Roma kusan kowace rana tana da tikitin da aka saya tun da wuri, mai ƙayyadadden lokaci, wanda ke nufin ɗayanku ya zama mai riƙe jadawali yana tada ɗan'uwansa da asuba. A Lisbon kuna iya yini guda ba ku biya kuɗin shiga ko'ina ba, kuma in ɗaya ya makara ba abin da ya lalace. Abokai da yawa a kan kuɗi da lokaci suke saɓawa a tafiya. Mu mun sa kuɗin abinci da na mota a asusu ɗaya a hannun mutum ɗaya, tikitin wuraren kallo kuwa kowa ya sayi nasa, don kada wani ya biya kuɗin abin da ba ya so.

Waɗanda nake ce wa su je Roma su ne masu karatun gine-gine, injiniya, tarihi ko shari'a, waɗanda ganin Pantheon zai zauna musu a kai shekaru. Da waɗanda su biyun babu mai ƙyamar shiga majami'a don kallo. Da waɗanda kwanansu biyu ne kacal daga tsakiyar Turai, domin awa takwas a jirgi zuwa da dawowa ya yi yawa ga gajeren hutu. Su sayi tikitin Colosseum da na Vatican kafin ma su nemi wurin kwana, su kuma guji Yuli da Agusta, lokacin da zafi ke dukan dutse kuma gidajen abinci da yawa ke rufewa wajen hutun 15 ga Agusta. Oktoba zuwa Nuwamba ko Maris sun fi. Sauran, musamman waɗanda abinci ne rabin dalilin fitarsu, su nufi Lisbon. In hutunku ya faɗo a Yuni, daren 12 ga wata ake bikin Santo António, waliyyin Kiristocin garin, kowane lungu na Alfama da Mouraria da murhun gawayi ana gasa sadin ana ɗora shi kan burodi. Akwai giya da cunkoso sosai bayan dare ya yi, don haka ku je da la'asar ku ci kifinku, kuma ku kama ɗaki tun watan Afrilu, domin a makon nan gadon hostel yana wuyar samu.